Shingen da Ke Cikin Aljihunmu

Duk wanda ya taɓa cinikin waya ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san cewa waya ma tana da ƙasa. Kafin a zo maganar kuɗi, mai saye da ya san kan abin zai shiga saitin iPhone ya duba haruffan da ke ƙarshen lambarta. LL ta Amurka ce, J ta Japan, CH ta ƙasar Sin. Kowacce da halinta. Ta Japan an san ta da ƙin yin shiru idan ana ɗaukar hoto. Ta Amurka, tun daga iPhone 14, ba ta da ramin sa sim. Ta Sin kuwa sim biyu take ɗauka. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma hali daban-daban, kamar 'yan uba.

Wasu daga cikin bambance-bambancen nan dokar ƙasa ce ta kawo su, wasu kuma lissafin kasuwa ne. Akwai dalili na uku da ba a cika ambatonsa a bakin teburin ciniki ba, shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira. Mu marubuta mun saba da maganar haƙƙin mallaka, tunda ba mu manta yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa a zamanin faifai ba, haka kuma muna ganin littattafanmu suna yawo a WhatsApp babu ko sannu. To, wannan ƙanwarta ce. Ita ba labari ko waƙa take karewa ba, dabara take karewa: yadda na'ura ke yin wani aiki.

Ni dai ba a littafi na fara sanin wannan matsalar ba, a maƙerar kawuna na san ta. Mai walda ne, yana ƙera injin ɓare gyaɗa. Wata shekara ya zauna ya sake wa rariyar injin tsari, yadda gyaɗa za ta riƙa fita ba tare da ta farfashe ba. Ya ɓata ƙarfe mai yawa kafin abin ya yi daidai, kuma na tuna lokacin don ni nake kai masa abinci daga gida. Da injin ya fita, masu saye suka yi ta zuwa har daga ƙauyuka. Kafin kaka ta zagayo, masu walda uku a layin nan suna ƙera irinsa, suna kuma sayarwa a ƙasa da farashinsa, tunda su ba su yi asarar ƙarfen gwaji ba.

Na ce masa, "Kawu, ba za ka kai ƙara wajen shugaban ƙungiya ba?"

Ya ce, "Ɗana, in ce masa me? Sun shiga shagona ne? Abin da ido ya gani, hannu zai yi."

Bai yi faɗa da kowa ba. Amma ban sake ganin ya ɓata dare a kan sabuwar dabara ba. Manoma sun samu inji mai araha, wannan gaskiya ne, kuma alheri ne. Sai dai injin na biyu da ke cikin kan Kawu, wanda ya taɓa zana mini a ƙasa da tsinke, babu wanda ya same shi. Tun daga nan nake kallon maganar nan da ido biyu, don na ga ribar kwaikwayo, na kuma ga kuɗin da ake biya a ɓoye.

A al'adarmu, mai sana'a yana kare dabararsa ne da rufin asiri. Marini ba ya faɗa wa baƙo ma'aunin babansa da tokarsa, mai magani ba ya nuna saiwar da ya haƙo. Idan ya mutu bai koya wa ɗa ba, ilimin ya bi shi kushewa. Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ne da ya juya wannan al'ada. Hukuma ta ce wa mai dabara: bayyana asirinka a rubuce, dalla-dalla, yadda duk mai sana'a irin taka zai karanta ya gane, mu kuma za mu hana kowa amfani da shi ba da izininka ba har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Shinge ne na wa'adi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, hukumar ƙasa ce ke kafa shingen, kuma ikonta yana ƙarewa ne a iyakarta. Babu takarda guda da ta rufe duniya. Akwai yarjejeniyar Paris ta 1883, akwai kuma ta 1970 da ke ba mutum damar shigar da buƙata sau ɗaya ta hannun hukumar WIPO, amma a ƙarshe sai ya bi ƙasa-ƙasa ya nema, ya biya lauya, ya biya kuɗin sabuntawa. Inda bai nema ba, dabararsa gona ce marar shinge. Ko a nan kusa abin a fili yake. Nijar, Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda guda ke rufe ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki, tana da dokarta ta 1970 da ofishinta a Abuja. Wato dabarar da aka killace a Maraɗi, idan ka ƙetaro zuwa Jibiya tana iya zama ta Allah da Annabi.

Yanzu a ɗora wannan tsari a kan wayar salula. Wani ƙiyasi da aka sha ambata ya ce a Amurka kaɗai akwai takardu kimanin 250,000 da suka shafi wayar zamani. Allonta, batirinta, yadda take kama sabis, yadda take matse bidiyo, har yadda yatsa ke shafa gilashi, kowanne da mai shi. Babu kamfanin da zai haɗa waya bai taka gonar wani ba. Shi ya sa manyan kamfanoni suke tara takardun nan kamar yadda ake tara makamai. A 2011 wasu kamfanoni, ciki har da Apple da Microsoft, suka haɗa dala biliyan 4.5 suka saye takardu kusan 6,000 na kamfanin Nortel da ya karye. A shekarar dai Google ya sanar da sayen Motorola a kan dala biliyan 12.5. Bayan shekara uku ya sayar wa Lenovo da sashen wayoyin a kan ƙasa da biliyan 3, ya riƙe mafi yawan takardun. Kowa ya gane abin da ya je saya tun farko.

Shari'ar da ta fi fito da abin fili ita ce ta Apple da Samsung, wadda ta fara a Kalifoniya a watan Afrilun 2011. Idan ka karanta abubuwan da aka yi jayayya a kansu sai ka yi murmushi. Akwai siffar waya mai lanƙwasassun kusurwoyi. Akwai ɗan tsallen nan da shafi ke yi ya dawo idan ka ja shi har ƙarshe. Akwai taɓa allo sau biyu don rubutu ya ƙara girma. Amma a watan Agustan 2012 masu taimaka wa alƙali suka ce Samsung ya biya sama da dala biliyan ɗaya. An yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, kuɗin ya sauko zuwa miliyan 539 a 2018, sannan suka sasanta. Kafin nan wayoyin Samsung sun riga sun bar ɗan tsallen, sun koma nuna wani haske a gefen allo. Miliyoyin mutane sun ga wayarsu ta sauya hali bayan sabuntawa, ba su san daga zauren kotu sauyin ya fito ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda rigima ɗaya ta samu hukunci daban-daban a cikin 'yan makonni. A watan Yulin 2012 kotun Ingila ta ce Samsung bai kwaikwayi siffar iPad ba, har aka umarci Apple ya buga sanarwa yana faɗin haka. A watan Agusta kotun Koriya ta Kudu ta ce dukansu biyu sun taka haƙƙin juna. A ƙarshen watan kotun Tokyo ta ba Samsung gaskiya a ƙarar da ke gabanta. A Jamus kuwa tun 2011 aka hana sayar da Galaxy Tab 10.1, sai da Samsung ya sake mata baki ya fitar da wata ta musamman don kasuwar. Dabarar jan yatsa a buɗe waya ma haka ta kasance: kotunan Amurka sun amince ta Apple ce, babbar kotun Jamus ta soke ta a 2015, don wata ƙaramar wayar Suwidin mai suna Neonode ta riga ta yi abu mai kama da haka.

Shi ma Apple ya sha nasa. A 2012, saboda ƙarar da Motorola ya ci, masu iPhone a Jamus suka daina samun saƙon imel na iCloud nan take, sai wayar ta je ta duba da kanta. A Disambar 2018 Qualcomm ya samu hukunci a Fuzhou ta ƙasar Sin da kuma Munich ta Jamus. A Sin, Apple ya tura sabuntawa da ta sauya yadda manhaja ke ɓacewa idan an rufe ta. A Jamus ya janye iPhone 7 da 8 daga shagunansa, sai da ya sauya musu wani ɓangare na ciki suka dawo. A farkon 2024 agogon Apple da ake sayarwa a Amurka ya rasa ma'aunin iskar da ke cikin jini saboda rigima da kamfanin Masimo, alhali agogon da aka saya a Landan ko Dubai yana aunawa lafiya lau. Mai sayen agogo na hannu a Kano da ya ci karo da irin wannan, zai ɗauka lalacewa ce.

Kada kuma a ɗauka alƙalai kaɗai ke magana. A 2013 hukumar cinikin Amurka ta yanke cewa a hana shigo da wasu tsofaffin iPhone da iPad saboda sun taka haƙƙin Samsung. Gwamnatin Obama ta soke hukuncin a watan Agusta, abin da rabon a yi tun 1987. Bayan wata biyu irin wannan hani ya faɗa kan wasu wayoyin Samsung, aka bar shi ya tsaya. Gwamnatin ta ba da hujjarta, kuma hujjar tana da tushe a doka, kamar yadda za mu gani yanzu. Amma mutanen Koriya ba su rasa lura da wane kamfani ne ɗan gida ba.

Hujjar ita ce takardun iri biyu ne. Akwai na ado, irin ɗan tsallen shafi, wanda idan an hana ka sai ka kewaya. Akwai kuma na dole. Tsarin 3G da 4G da 5G yare ne guda da dukkan wayoyi da turakun sabis suka yarda su yi magana da shi, kuma an gina shi ne da dabarun kamfanoni irin su Qualcomm, Nokia, Ericsson, Huawei da Samsung. Wanda dabararsa ta shiga tsarin, kamar mutum ne da hanyar kasuwa ta ratsa ta gonarsa: kowa sai ya bi ta nan. Saboda haka ake sa shi ya yi alƙawarin ba kowa izini a kan farashi na adalci, ba tare da fifita wani ba. Takardar da Samsung ya ci ƙara da ita irin wannan ce, shi ya sa aka ce bai kamata ta zama dalilin rufe wa wani kasuwa ba.

Matsalar ita ce, mene ne adalci, kuma wa zai faɗa? Wasu sun bayyana kuɗinsu. Nokia ya ce ba zai wuce yuro 3 a kan kowace wayar 5G ba. Ericsson ya ce tsakanin dala 2.5 da 5. Huawei ya ce dala 2.5 a kan 5G, dala 1.5 a kan 4G. Qualcomm kuwa kaso yake karɓa daga farashin wayar. Idan an kasa daidaitawa sai kotu. A 2022 Oppo da OnePlus suka kwashe wayoyinsu daga kasuwar Jamus saboda ƙarar Nokia, ba su daidaita ba sai farkon 2024. A Disambar 2014, 'yan watanni da shigar Xiaomi Indiya, babbar kotun Delhi ta dakatar da shi saboda ƙarar Ericsson. A 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce kotunan ƙasarta suna iya yanke farashin da zai shafi duniya baki ɗaya. Kotunan Sin suka ce su ma haka, har suna hana kamfanoni kai ƙara wata ƙasa. Nokia ya sayar wa Microsoft da sashen wayoyinsa tun 2014, amma har gobe kusan duk wayar kirki da aka sayar tana ajiye masa wani abu.

To ina mu a cikin wannan? Amsar tana hannun yawancinmu: Tecno, Infinix da itel. Duka ukun na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, wanda ya daɗe yana riƙe da sama da kashi 40 cikin 100 na kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Ya cancanci yabo a kan abin da ya yi. Ya lura muna yawo da sim biyu saboda sabis ba shi da tabbas, ya lura wutar lantarki ba ta zama, ya lura kyamarorin wasu ba sa fitar da fuskar baƙar fata da kyau, ya yi aiki a kan duk waɗannan. Amma akwai wani abin da ya taimake shi wanda ba ya cikin talla. Ya girma ne a kasuwannin da manyan masu takardu ba su damu su kafa shinge ba, ko sun kafa ba su damu su tsare ba. Neman takarda kuɗi ne, shari'a kuɗi ce, su kuma a lissafinsu abin da za a samu a wajenmu bai kai a wahala ba.

Wannan magana tana da daɗi tana da ɗaci. Ɗalibar da ke karanta darasi a wayar itel, da ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta waya a ƙauyen da babu banki, sun ci ribar wannan sakaci. Sai dai sakacin raini ne ya haife shi, kuma raini yana ƙarewa ranar da aka ga kuɗi. A 2023 Transsion ya shiga sahun kamfanoni biyar da suka fi sayar da wayoyin zamani a duniya, ya bazu Indiya, Latin Amurka da Gabas ta Tsakiya. A 2024 Qualcomm ya maka shi a kotu a Indiya da wasu wurare, duk da cewa yawancin wayoyinsa da kayan MediaTek da Unisoc ake haɗa su. Irin waɗannan rigingimu yawanci da yarjejeniyar da ta rufe duk kasuwannin kamfani suke ƙarewa. Ma'ana, hukuncin da aka yanke a Delhi ko Munich yana iya biyo kwali har Farm Centre.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce, misali, jimillar abin da masu takardu za su karɓa a kan waya ɗaya dala 10 ce. A wayar dala 1,000 wannan kashi ɗaya ne cikin ɗari, mai saye ba zai ji ba. A wayar dala 80 kuwa ya haura kashi 12, kuma ribar mai haɗa irin wannan waya ba lallai ta kai haka ba. Ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage wani abu: batir ya ƙanƙance, ma'ajiya ta ragu, 5G ta jira wata shekara. Ga mai albashi a Jamus, rigimar nan tana nufin ya sayi Samsung maimakon Oppo. Ga mai sayar da kayan miya a Dawanau, tana iya nufin ya ci gaba da riƙe ƙaramar waya mai tocila.

Duk da haka ba zan iya cewa a rushe shingen ba, don na ga abin da rashinsa ya yi wa mai walda guda. Injiniyoyin da suka shekara goma suna aikin da ya sa murya ke tashi daga Zinder ta sauka a Makka cikin ƙiftawar ido, aiki suka yi, kuma wani ne ya biya su. Abin da nake ƙi shi ne a yanke farashin adalci a ɗakin da babu mai wakiltar wanda dala ɗaya ke yi wa nauyi. A teburin da ake tsara 5G da abin da zai biyo bayanta, kujerun na masu takardu ne. Mu masu saye ne kawai, kuma mai saye da ba shi da abin musaya, abin da aka yanka masa shi zai ɗauka.

Ƙasar Sin ta taɓa zama a inda muke. Shekaru ashirin da suka wuce sunanta ya fi fita ne a kan kwaikwayo, kamfanoninta kuma suna biyan na waje. A 2015 hukumominta suka ci Qualcomm tarar kusan dala miliyan 975 saboda yadda yake karɓar kuɗin izini, suka sa ya rage. A 2019 ta wuce Amurka a yawan buƙatun da ake shigarwa ta hannun WIPO, Huawei kuma ya shekara da shekaru yana kan gaba a jerin kamfanoni. Yau idan Ericsson ya zo karɓa, Huawei ma yana da abin da zai ce a biya shi. Lokacin da gonar take a buɗe, ba saye kaɗai suka yi ba, sun koya.

Wannan damar har yanzu tana nan gare mu, kuma ba a ɓoye take ba. Ka tuna sharaɗin cinikin: sai ka bayyana asirinka kafin a ba ka shinge. Miliyoyin takardun nan suna intanet, a shafin WIPO da na Google, da zane da bayani, kyauta. Wadda ta shekara 20 ta zama ta kowa. Wadda ba a yi wa rajista a ƙasarka ba, doka ba ta hana ka aiki da ita a cikin ƙasarka. A kasuwannin waya na Kano da Kaduna da Yamai akwai samarin da ke ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su dasa wata, da iskar zafi da ɗan hantsaki, yawancinsu a YouTube da wajen oga suka koya. Hannun yana nan, idon yana nan. Abin da ya rage shi ne malamin kwalejin fasaha da zai buɗe musu waɗannan takardu ya fassara, da ofishin rajistar da ƙaramin mai sana'a zai iya shiga ba tare da ya sayar da injinsa ya biya lauya ba, da kotun da za ta gane abin da ake jayayya a kai idan rigimar ta iso.

Za ta iso kuwa. Yawanmu yana ƙaruwa, wayoyinmu suna ƙaruwa, kuma masu lissafin da suka tsallake mu jiya suna sake duba alƙalumansu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Arahar da muke ci yau aro ce, mai ita kuma ya san hanyar gidan.